Shin a bar 'yan aji biyar su tafi sansanin kwana huɗu a Yankari?

Sakataren Ƙungiyar Iyaye da Malamai:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye da malamai masu daraja, shugaban ƙungiya ya umarce ni da in gabatar muku da takardar da hukumar makaranta ta aiko mana, domin mu tattauna ta a nan kafin taronmu na ranar Asabar. Abin da takardar ta ƙunsa shi ne, makaranta tana son ta kai ɗaliban aji biyar, wato SS2, maza da mata, sansanin kwana huɗu a gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, a makon farko na hutun Disamba. An zaɓi wannan aji ne saboda baɗi war haka hankalinsu zai koma kan WAEC da NECO da JAMB, kuma babu wanda zai yarda a ɗauke masa yaro daga kan littafi a lokacin. Kuɗin da aka yanke wa kowane ɗalibi yana cikin takardar da yaranku suka kawo gida, ya haɗa da mota da masauki da abinci da kuɗin shiga. Ana roƙon kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci, kuma a tsaya a kan wannan magana kaɗai, a bar batun kuɗin makaranta na zango mai zuwa sai lokacinsa ya yi.

Baban Auta, Ƙofar Ƙaura:
Wa'alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya saka da alheri. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar malamai, amma mu mutanen Katsina ba mu da uzurin cewa ba mu san abin da kan faru ba idan aka tara yara da yawa a wuri guda nesa da iyayensu. Ranar Juma'a 11 ga Disamba, 2020, da dare, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora yara daji, ba a sako su ba sai ranar 17 ga wata, kuma gwamnati da bakinta ta ce su 344 ne. Ko kwana goma ba a yi ba aka tare 'yan Islamiyyar Mahuta a Ƙaramar Hukumar Ɗandume suna dawowa daga Mauludi cikin dare, Allah ya sa aka kuɓutar da su. Bayan nan aka yi Jangebe a Fabrairun 2021, aka yi Kuriga a Maris ɗin 2024. Yawancin waɗannan yara a cikin makarantunsu aka same su, to ina ga waɗanda mu da kanmu za mu loda a mota mu kai tsakiyar daji, a ranar da kowa ya sani? Ita kanta Ƙaramar Hukumar Alƙaleri, inda Yankari yake, mun ji labarin hare-hare a wasu ƙauyukanta. Ina so hukumar makaranta ta gaya mana ƙarara wanda zai tsare yaran nan da dare, da kuma wanda za mu riƙe idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye.

Malamin Tarihi, jagoran tafiyar:
Alhaji Baban Auta, ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, kuma babu malamin da ya manta da Ƙanƙara. Sai dai ina roƙon a dubi taswira. Masifar da ta dame mu ta fi ƙarfi ne a yammaci da kudancin jiha, wajen dajin Rugu da iyakar Zamfara, mu kuwa gabas za mu nufa: Katsina zuwa Kano, daga nan Wudil, Birnin Kudu, Ningi, har Bauchi. A Yankari kuma ba a tanti za a kwana a ƙarƙashin bishiya ba, akwai masaukin baƙi na Wikki mai ɗakuna, da ma'aikatan gandun daji masu sintiri.

Bari in faɗi dalilin da ya sa muka nace. Muna koya wa yaran nan labarin ƙasa da ilimin halittu a kan allo, amma akasarinsu ba su taɓa ganin kurmi na gaske ba, ba su san yadda dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji idan rani ya yi ba. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Nijeriya. Akwai kogunan dutse na Marshall da mutanen da suka sassaƙa da hannu, akwai alamun tsoffin wuraren narka tama, akwai ruwan ɗumi na Wikki wanda zafinsa yake tsayawa a wajen digiri 31 damina da rani. A hanya kuma za mu tsaya a ga zanen kan dutse na Birnin Kudu, sannan mu ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Amma a wurina darasin da ya fi duk waɗannan shi ne yaro ya yi kwana uku babu mahaifiyar da za ta tashe shi sallar Asuba, babu ƙanwar da za ta wanke masa kwano. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce. Nan da shekara biyu yaran nan za su tafi jami'a a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, daga baya su shiga sansanin bautar ƙasa na mako uku a jihar da ba su san kowa ba. Garin nan namu da ilimin baƙon yaro aka san shi: shi kansa Tafawa Ɓalewa yana matashi ya baro Bauchi ya zo Kwalejin Katsina, Sardauna ya zo daga Sakkwato, a zamanin da tafiyar takan ci kwanaki masu yawa.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Alƙali:
Sallama ga kowa. Malam, Allah ya ƙara basira, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba. Ni yara biyu gare ni a wannan aji. Kuɗin da aka rubuta wa yaro ɗaya ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, wato kuɗin su biyun ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma. Ban faɗi haka don a tausaya mini ba. Na san aƙalla gidajen marayu da na 'yan fansho a ajin nan waɗanda ba za su yi magana a wannan zaure ba saboda kunya, za su ce wa yaro kawai ba za shi ba. Idan aka dawo hutu malami ya ce a rubuta insha'i a kan abin da aka gani a Yankari, shi wanda bai je ba me zai rubuta? Takardar ta ce tafiyar aji ce. To idan ta aji ce, a shirya ta yadda ajin zai tafi gaba ɗaya.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Hajiya, ki yi haƙuri, duniya ba a taɓa daidaita ta ba. Ko aikin Hajji sai mai iko. Wanda Allah ya hore wa ya biya, wanda bai samu ba bana ya jira wata dama. Ni ɗana ya riga ya sa rai, kuma ban ga dalilin da za a hana wasu alheri don wasu ba su da hali ba.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Alƙali:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Hajji ba makaranta ce take shirya shi ba, kuma ba a ba da maki a kansa. Wanda yake son kai ɗansa Yankari da kuɗinsa, hanya a buɗe take a kowane hutu, babu mai hana shi. Abin da nake magana a kai shi ne abin da za a yi da sunan makaranta, da malamanta, a kira shi wani ɓangare na karatu. Wata damar kuma babu ita, Malam Sakatare ya riga ya ce baɗi jarrabawa za su fuskanta.

Tsohon Direba, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ni jikata ce a ajin, kuma tuƙin motar haya na yi har ƙarfina ya ƙare, don haka a kan hanya kaɗai zan yi magana. Daga Katsina zuwa Kano wajen kilomita 170 ne, Kano zuwa Bauchi wajen 300, daga Bauchi zuwa masaukin Yankari kuma ya haura 100. Jimla ta doshi kilomita 600. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗura ita ce bas kada ta wuce kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, to ku haɗa da cunkoson ratsa Kano, da shingayen bincike, da tsayawa sallah da cin abinci, da yaran da za su ce a tsaya su kama ruwa, da ziyarar Birnin Kudu da Malam ya ambata. Ko an tashi da an sallame Asuba, da ƙyar a isa kafin Magariba, kuma idan taya ɗaya ta fashe dare ya riske su a hanya ke nan. Ga shi Disamba ce, hazo yakan rufe hanya da sassafe, motoci kuma sun yi yawa saboda ƙarshen shekara. Saboda haka kwana huɗun nan, biyu a cikin mota za a yi su.

Ko ina aka yanke za a je, ina roƙon a kiyaye waɗannan. Kowace mota ta ɗauki adadin kujerunta, kada a ce yara ne a cusa huɗu a mazaunin uku. A duba tayoyi da ido: akwai lambobi huɗu a jikin kowace taya, biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara, kuma tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba tana iya fashewa. Doguwar tafiya tana son direba biyu. A rubuta sunayen waɗanda ke cikin kowace mota, kwafi ɗaya a hannun malami, ɗaya a makaranta, a ƙirga yara a duk inda aka tsaya kafin a tashi. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗura 122 ce, kowane malami ya sa ta a wayarsa.

Kawun Marainiya, daga Daura:
Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku. Ni a Daura nake zaune, 'yar ƙanwata ce take karatu a wurinku, ni nake ɗaukar nauyinta. Na karanta duk abin da aka rubuta, sai na ga kamar an ɗaure maganar a kan ko Yankari ko fasawa, alhali abin da Malam yake nema, wato yara su bar gida su kwana tare su kula da kansu, bai dogara da nisan wuri ba. Me zai hana a kawo su Daura? Tafiyar wajen kilomita 80 ce ta hanyar Mashi, ba ta kai awa biyu ba ko an bi a hankali. Lokacin hutu ne, ɗakunan kwana na makarantu a cikin gari babu kowa, ana iya neman izinin hukuma a sauke su a wadda take da katanga da maigadi, kusa da jama'a da asibiti da jami'an tsaro.

Ina tambayar iyaye, tsakaninku da Allah, yaranku nawa ne suka taɓa leƙa rijiyar Kusugu? Suna haddace labarin Bayajidda da Daurama da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, suna jero Hausa Bakwai don cin jarrabawa, amma ba su taɓa tsayawa a bakin rijiyar ba, ga ta nan kusa da su. Idan aka rubuta wa fada takarda da wuri, ina kyautata zaton za a karɓe su a kai gaisuwa, su ga tsarin zaman fada da idonsu. Masu sha'awar kimiyya a kai su Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, su ga ɗakunan gwaji, su yi magana da ɗalibai. Masu darasin noma a kai su madatsar ruwa ta Sabke su ga noman rani. Masu darasin tattalin arziki kuwa kasuwar Mai'aduwa ta ishe su makaranta, su ga yadda dabbobi da hatsi suke ratsa iyaka tsakaninmu da Nijar, su tambayi dillalai yadda ake canjin naira da sefa. Kuɗin mota zai ragu ƙwarai, kuma idan aka sayi hatsi aka dafa a sansani maimakon sayen abincin otal, ina ganin abin da ya rage ba zai gagari ƙungiya ta rufa wa marasa hali asiri ba.

Malamin Tarihi, jagoran tafiyar:
Kawu, ka zo da magana mai nauyi, kuma ta fuskar darasina ba ni da abin cewa. Zan ma ƙara da cewa a ratsa ta Mani a ga Durɓi ta Kusheyi, makwantan sarakunan farko na ƙasar Katsina, inda aka yi tono a 1907 zamanin Sarki Dikko, aka sake yi a 1992. Daura kuma tana da wani babi da ya bambanta ta da maƙwabtanta: bayan jihadi zuriyar sarakunan Haɓe suka koma Zango da Ɓaure, har sai 1906 da Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon sarauta. Yaro ya ji wannan a inda abin ya faru ya fi ya ji shi daga bakina.

Damuwata biyu ce. Malamin ilimin halittu zai yi asara, domin babu abin da zai maye gurbin daji mai dabbobi. Ta biyu kuwa ku iyaye ce, ku gafarce ni. Na san mu. Idan wuri ya yi kusa, tun a daren farko za mu ga motoci a ƙofa, wannan ta kawo kular tuwo, wancan ya kawo bargo, wata ta ce a ba ta 'yarta ta kwana gidan gwaggonta da ke Daura ta dawo da safe. Idan haka za a yi, gara a zauna gida.

Hajiya Kaka, Rafin Daɗi:
Malam, ɗana, ka faɗi gaskiya a kan kular tuwo, ni ce ta farko da za ta kai. To amma ku maza kun yi ta lissafin kilomita, babu wanda ya ce uffan a kan 'ya'ya mata. Jikata budurwa ce, shekararta goma sha shida. A ina za su kwana, wa zai kwana tare da su, banɗakinsu ina yake, wa zai raka yarinya idan ta fita da dare? Malamai mata nawa ne za su tafi, kuma masu aure ne da za su iya barin gida kwana uku? Ba na so a ce a bar mata a gida maza su tafi, domin kullum haka ake yi mana, daga baya a ce mata ba su san komai ba. Amma ba zan sa hannu ba sai na ji amsar waɗannan, kuma ina so Malam Liman ya faɗa mana abin da addini ya ce, tun da yana cikinmu yana karantawa ya yi shiru.

Malam Liman:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina sauraro ne. Asalin tafiya don lura da ɗaukar darasi abu ne da Alƙur'ani ya yi kira gare shi a wurare da dama, daga ciki akwai aya ta 20 a Suratul Ankabut. Game da mata, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mace ba ta yin tafiyar yini da kwana sai da muharrami. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a kan Hajjin farilla idan akwai amintacciyar tawaga, kuma malamai sun saɓa a kan ko wannan sauƙi ya shafi sauran tafiye-tafiye. Saboda haka uban da ya hana 'yarsa bisa wannan dalili kada a zarge shi, kada kuma a rage wa yarinyar maki. Shawarata ita ce a raba masauki kwata-kwata, ba ɗaki da ɗaki kawai ba, a raba motoci, a sa iyaye mata dattijai su kwana tare da 'yan matan ban da malamai, kuma duk wadda mahaifinta ko yayanta yake so ya bi tawaga a ba shi dama ya sauka a ɓangaren maza. Kusancin Daura yana sauƙaƙa wannan ƙwarai.

Sai batun sallah, domin kada a je ana gardama a gaban yara. A Risala tafiyar ƙasaru mil 48 ce, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko abin da zai kai salloli ashirin, ya cika sallarsa. Yankari babu shakka tafiyar ƙasaru ce. Daura kuwa tana kan gaɓa, musamman da yake garuruwan biyu sun faɗaɗa, don haka idan suka bi limamin gari sai su cika tare da shi, babu wata wahala a ciki. Akwai kuma hadisin Abu Dawud cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ina so a yi aiki da shi a kan yaran kansu: kowane rukuni na goma da shugabansa daga cikinsu, shi zai ƙirga su, shi zai tashe su. Ɗalibanmu Kirista kuma, idan Lahadi ta faɗo cikin kwanakin, a shirya malamin da zai kai su coci.

Ma'aikaciyar Jinya, mahaifiyar ɗalibi:
Barkanmu da war haka. Ni duk inda za a je buƙatata ɗaya ce, kuma ina roƙon iyaye su ji ni da kyau: a faɗi gaskiya a takardar lafiya. Mun saba ɓoye sikila da farfaɗiya da asma, musamman ga 'ya mace, don gudun surutun mutane, to a sansani ɓoyewar ita ce haɗarin. Sanyin hunturu da ƙarancin shan ruwa da gajiya suna tayar da ciwon mai sikila, ƙura kuma tana tayar da asma. Irin waɗannan yara za su iya zuwa, amma da magungunansu da rigar sanyi, kuma malami ɗaya ya san halin da suke ciki. Takardar ta tsaya a hannuna da na shugabar ɓangaren mata, ba za ta zaga ofis ba.

Kowane yaro ya zo da gidan sauro, ko da ana cewa sauro ya ragu da sanyi, da takalmi rufaffe da tocila. Abin da ya fi kwantar da yara a irin wannan taro gudawa ce, don haka ruwan sha ya zama na amana, a ajiye sabulu a bakin banɗaki da wurin cin abinci, a tafi da ƙunshin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa. Idan ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan maciji ya sari yaro, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. A tanadi audugar mata a wurin malama, kada yarinya ta rasa wanda za ta tambaya.

Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba a shirin Yankari shi ne wanka a Wikki. Zurfinsa a wasu wurare ya kusa mita 2, yaranmu kuwa 'yan birni ne, mafi yawansu ba su iya iyo ba, kuma yaro a gaban abokansa ba zai ce bai iya ba. Idan Daura aka je ma dokar ɗaya ce, babu mai shiga ruwan dam, domin ban da nutsewa akwai tsargiya.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Ni har yanzu ina ganin ana rage wa yara buri. Daura gida ce, ɗana ya je Sallar Gani ba sau ɗaya ba. Amma tun da na ga inda jama'a suka karkata, ba zan zama sanadin rabuwar kai ba. Idan Daura aka tsayar, na ɗauki shinkafa da man girki na kwanakin gaba ɗaya, a cire su daga lissafi. Sharaɗina shi ne a rubuta a ajiye cewa maganar Yankari ba ta mutu ba, a sake duba ta bayan sun gama NECO, ga wanda yake so.

Baban Auta, Ƙofar Ƙaura:
Alhaji, Allah ya karɓa. Daura ta fi kwanta mini, amma kada sauƙin hanya ya sa mu saki jiki, domin yara da yawa a ɗakin kwana guda abin kwaɗayi ne ga mugu a ko'ina. Ina so a sanar da 'yan sanda da Sibil Difens a rubuce, a samu amsarsu a rubuce. Ina so kada a sa ranar tafiya ko sunan masauki a wannan zaure, domin ba mu san inda saƙo yake ƙarewa ba idan aka fara turawa, a faɗa wa iyaye baki da baki a taro. Kuma kada a ɗora hoton yaran a Facebook ko a WhatsApp sai sun dawo gida. Wannan ya kawo ni kan waya: ni ina so ɗana ya tafi da tasa, in ji muryarsa duk lokacin da na ga dama.

Malamin Tarihi, jagoran tafiyar:
Ranka ya daɗe, buƙatunka biyu na ƙarshe suna karo da juna. Idan yara suka riƙe wayoyinsu, kafin mu wuce Mashi duniya ta san inda muke. Abin da nake ba da shawara shi ne a karɓi wayoyi a ajiye, kowane rukuni ya kira gida da wayar malaminsa tsakanin Magariba da Isha'i, iyaye kuma a ba su lambobin malamai biyu da za a iya samu dare da rana.

Baban Auta, Ƙofar Ƙaura:
Na ji, ban gamsu sosai ba, amma zan bari sai ranar Asabar. Ko da an amince da komai, ba zan sa hannu ba sai na taka ƙafata na ga katangar wurin da ƙofarsa da ɗakin da za su kwana. Gani ya kori ji.

Mataimakiyar Shugaban Makaranta:
Assalamu alaikum. Shugaban makaranta ya bi wannan tattaunawa tun daga farko, ya kuma ce in isar da godiyarsa. Hukumar makaranta ba ta da matsala da komawa Daura na kwana uku, muddin Ma'aikatar Ilimi ta ba da izini, domin ko ƙofar gari ba za mu fita da ɗalibai ba sai da takardarta. Hajiya Kaka, malamai mata uku sun amince za su kwana, ni ce ta huɗu, kuma muna neman iyaye mata biyu su haɗu da mu. Muna goyon bayan hana ziyara, in ban da larurar rashin lafiya. Game da malamin ilimin halittu, ya ce zai duba ko wuraren dashen itatuwa da gonakin rani na yankin za su ba shi abin da zai koyar, ko da yake bai ɓoye cewa ransa bai so ba. Ba za a ba da maki a kan tafiyar ba, kuma wanda bai je ba, za a ba shi aikin da zai yi a nan cikin gari, a Hasumiyar Gobarau da gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina. Sabon lissafin kuɗi zai fito kafin taro, bayan an cire gudummawar Alhaji.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Alƙali:
Malama, a lissafin a ware wani abu na marayu da marasa hali, kuma a bar sunayensu tsakanin ke da ma'aji, kada a karanta su a taro. Ni na ba da sunana cikin iyaye mata masu kwana, idan maigida ya amince, zan tabbatar muku gobe.

Sakataren Ƙungiyar Iyaye da Malamai:
Na rubuta duka. Masu zuwa duba masauki ranar Alhamis su ne Baban Auta, da Hajiya Ma'aikaciyar Jinya, da Malamin Tarihi, Kawu kuma zai tarbe su a can. Baba Direba, muna roƙon ka duba motocin da makaranta za ta ɗauko kafin a biya kafin alƙalami. Maganar waya da ta muharrami ba a gama su ba, suna cikin ajandar Asabar, ƙarfe goma na safe a ɗakin taro na makaranta.

Tsohon Direba, Ƙofar Marusa:
Na karɓa. A gaya wa mai motocin ya kawo su da direbobin da za su tuƙa ranar tafiyar, kowa da lasisinsa, ba yaran mota ba. Masu zuwa Daura ranar Alhamis kuma ku fita da wuri, ku auna mini lokacin da kuka ɗauka daga ƙofar makaranta zuwa ƙofar masaukin, da kuma daga masaukin zuwa asibiti.